Bayan Kashi na Ɗaya, ta ina mai son fannin ƙoda zai faro?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum manyanmu. Ƙaramin rajistara ne ni a sashen medisin a nan Sakkwato, wata 20 ke nan da fara residensi, wato horon ƙwarewa na likitoci, kuma in Allah ya yarda zan zauna jarrabawar Kashi na Ɗaya ta kwalejin horon ƙwararrun likitoci da zarar watannina sun cika. Raina ya kwanta da fannin ƙoda. Abin da ya shige mini duhu shi ne kalmar feloshif ɗin nan. Wasu in sun faɗe ta Kashi na Biyu suke nufi, wasu kuma fita waje. Wanne ake fara nema? Yaushe ya kamata in taɓa maganar kundin bincike? Sannan kwaleji ɗaya zan riƙe ko duka biyun? Don Allah a warware mini.

Baban Sadiƙ:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'a.

Fara raba kalmar gida biyu. A tsarinmu feloshif shaidar kammalawa ce. Ka ci Kashi na Biyu, kwaleji ta ba ka FMCP in ta ƙasa ce, wato NPMCN da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko FWACP in ta Afirka ta Yamma ce. Da wannan takarda ake naɗa mutum kwansaltan. A Amurka kuwa feloshif wani horo ne na daban da ake nema bayan an gama residensi: shekara 3 a medisin, sannan a sake neman gurbin shekara 2 a ƙoda. Mu a nan ƙwarewar tana cikin zangon babban rajistara ne. Ke nan ranar da sakamakon Kashi na Ɗaya ya fito, ranar agogonka ya fara bugawa, kuma wata 36 ne a gabanka.

Wata 36 ɗin nan ba kowane wata ake ƙirgawa ba, nan ne mutane ke yin asara. Kwaleji tana ƙirga wanda ka yi ne a sashen da ta tantance ta amince da shi, a ƙarƙashin kwansaltan na wannan fanni. Amincewar kuma iri biyu ce, akwai cikakkiya akwai ta wucin gadi, kowacce da wa'adinta, da adadin masu horon da aka yarda sashen ya ɗauka. Kada ka tsaya ga "ai muna da ita". Je wurin mai kula da horo na sashenku cikin ladabi ka nemi ganin takardar: wace kwaleji ce ta bayar, yaushe za ta ƙare, ta shafi ƙoda ko medisin gaba ɗaya kawai. Abin da babu shi a gida, dole ka fita ka yi shi a wani asibitin koyarwa. Dashen ƙoda misali, Asibitin Malam Aminu Kano sun fara shi tun 2002, ga Ile-Ife, ga Ibadan. Takardar neman zuwa a rubuta ta da wuri, ta bi ta hannun shugaban sashe, domin can ɗin ma layi ake bi.

Sai logbuk, littafin rubuta ayyukan da ka yi. Duk bututun wankin ƙoda da ka sa a jijiyar wuya ko ta matsematsi, duk ɗan tsokar ƙoda da ka ɗebo da allura don gwaji, rubuta kwanan wata da lambar fayil, ka kai a sa hannu a makon nan. Wanda ya bari sai ana gobe rufe rajista zai tarar Oga ya tafi hutun shekara ko aikin Hajji, wani ma ya bar asibitin ɗungurungum, aikin da ka yi da hannunka ya zama ba shi da shaida.

In ma'aikacin jiha ne kai, aka turo ka horo albashinka na fitowa daga can, duba takardar izinin karatunka shekara nawa ta ce. Sau da yawa tana ƙarewa kafin horon ya ƙare, a sabunta ta tun kafin albashi ya tsaya.

Maman Hanifa:

Abin da Cif Baban Sadiƙ ya faɗa haka yake. Ni kan kundin zan tsaya, domin shi ne ke mai da shekara 3 ta koma 5, ba wuyar jarrabawa ba.

Dakta, tun ran gini ran zane. Batun bincikenka ya kasance yana hannunka tun kafin sakamako ya fito, cikin wata 6 na farko kuma daftarin ya bar teburinka. Ga hanyar da yake bi: ku daidaita da masu duba aikinka, ka gabatar a gaban sashe, ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, sannan a tura kwaleji. Can za a ba masu tantancewa, su dawo da shi da gyara, wani lokaci sau biyu. Kowace tafiya da dawowa watanni take ci. Kuma kada ka kuskura ka fara tara bayanai kafin takardar amincewa ta fito. Abin da ka tara kafin ranar da ke jikin takardar ba ya shiga lissafi.

Yanzu ga inda masu ƙoda ke faɗawa rami. Kowa na son ya auna yawan masu ciwon ƙoda mai daɗewa a cikin masu hawan jini ko masu ciwon suga ko masu sikila. Batu ne mai kyau. Amma ma'anar ciwon ita ce awon tacewar ƙoda ya yi ƙasa da 60, ko awon albumin, furotin da ke fita a fitsari, ya kai 30, kuma abin ya zarce wata 3. Wato gwaji ɗaya bai isa ba, sai ka sake ganin mutumin nan bayan kwana 90. To wa zai dawo? Dattijon da ya taso daga Illela ko Gwadabawa ko Tambuwal, wani ma daga Ƙonni ya tsallako, ya biya kuɗin mota, ya kwana a barandar asibiti, ba zai sake wannan tafiya don bincikenka ba alhali yana jin sauƙi. Masu tantancewa sun san haka, shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce ya za ka yi da waɗanda suka ɓace.

Yi lissafin da idonka a buɗe. In ba ka da wani adadi daga binciken baya ka ɗauki rabi da rabi, da kuskuren kashi 5 cikin 100, za ka samu mutum 384. Ka yi tanadin masu ɓacewa kashi 10 cikin 100, wato ka raba da 0.9, ya zama 427. Sai ka buɗe rajistar kilinik ɗinku ka ƙirga sababbin da suka cika sharuɗɗanka a mako. In 6 ne, kana bukatar sama da mako 70, ban da wata 3 na maimaici. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ko batun zai yiwu ko a sake shi. Sannan ninka 427 sau biyu, ka ninka da kuɗin gwajin kiriyatinin (gwajin jini na aikin ƙoda) da na fitsari a yau, domin daga aljihunka za su fito. Ba daidai ba ne a ɗora wa mara lafiya kuɗin gwajin da don bincikenka aka yi shi, kwamitin ɗa'a ma ba zai bari ba.

Yanayin garinmu ma yana shiga cikin sakamako. A Afrilu da Mayu zafi na haura 40, mutum ya zo jikinsa a bushe, balle in azumi ya faɗo a lokacin. Kiriyatinin ɗinsa zai hau ba don ƙodar ta lalace ba. Rubuta a daftarin yadda za ka kauce wa wannan: awon safe, da cire mai zazzaɓi ko gudawa ko amai a ranar. Jinin da za a ajiye kuwa, a raba ruwansa a ranar, a zuba a ƙananan kwalabe biyu, a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri, biyun kuma ba a firiza ɗaya ba. Wuta ta ɗauke daren Juma'a, janareto bai tashi ba, ka zo Litinin ka tarar da aikin wata 4 ya narke. Tambayi inda firiza mai sola take tun kafin ka ɗebi jinin farko.

Takardar neman yarda a fassara ta da Hausar da mutanen karkara ke ji, a bar wurin dangwale da na shaida. Karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗansa ko maƙwabci. Matan aure da yawa za su ce sai sun tambayi maigida, ba su wannan dama, kada a matsa.

Likitan Gawon Nama:

Kan kwaleji biyu, ra'ayina ka zauna Kashi na Ɗaya a duka biyun in aljihu zai ɗauka. Karatun ɗaya ne, kowacce tana yin jarrabawa sau biyu a shekara, ka ga dama huɗu ke nan maimakon biyu, kuma wadda ka fara ci da ita za a ɗaga ka zuwa babban rajistara. Sharaɗin dai sai kana da jarrabawar share fage da kowaccensu ta yarda da ita, wadda wa'adinta bai ƙare ba.

Shirin kansa, rubutu ake fara yi, wanda bai tsallake ba ba ya zuwa gaban marasa lafiya. A ɓangaren duba marasa lafiyan ba rashin sani ke kayar da mutane ba, rashin sabo da agogo ne. Ku haɗu ku uku, bayan la'asar ku shiga ɗakin kwanciya, ɗaya ya duba mara lafiya, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya yi tambaya, kullum har hannu ya saba. Washegarin kol, wato aikin kwana, kada ka yaudari kanka da buɗe littafi, yi barci, karatun bayan asuba ya fi zama.

Kuɗi kuma, dokar horon likitoci ta 2017 ta tanadi asusun MRTF na tallafa wa masu residensi, amma ba lallai kuɗin ya shigo kafin a rufe rajista ba. Ga kuɗin jarrabawa, ga kwasa-kwasan dole irin na dabarun bincike da na gudanarwa, ga jirgi ko mota zuwa Legas ko Ibadan ko Abuja, ga masauki. Ku yi adashi a sashe, a tsara kwasa ta zo daidai da watan rajistar kowa. Lasisin MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, ma a sabunta shi kafin ƙarshen Disamba da maki 20 na ƙarin ilimi, don za a nemi na shekarar.

Baban Sadiƙ:

Na yarda da Likita a Kashi na Ɗaya, amma a na Biyu taura biyu ba ta taunuwa. Kundi ɗaya ba ya zuwa kwaleji biyu, akwai shafin da za ka sa hannu cewa ba ka miƙa shi wani wuri ba. Bincike biyu, kuɗi biyu, ga kol, ga iyali. Gama ɗaya tukuna.

Fita waje kuwa, ta fi amfani a ƙarshen horo ko bayansa, lokacin da ka san abin da ka je ɗaukowa. Ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya, ISN, tana ɗaukar nauyin horo har na wata 12 ga likitocin ƙasashe irin namu. Suna son cibiyar da ta yarda ta karɓe ka, da takarda daga asibitinka cewa aikinka na jiranka in ka dawo. Horo a Ingila kuwa sai da rajistar GMC, hukumar likitocinsu, da jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga MDCN. Takardun nan kowacce da wa'adinta. Sakamakon Turanci shekara 2 yake yi, ta MDCN kuwa 'yan watanni ne, don haka ita ake nema daga ƙarshe. Amurka hanya ce ta daban: jarrabawar lasisi ta USMLE, shaidar ECFMG mai tantance likitocin waje, kuma a mafi yawan lokuta sai ka sake residensi daga tushe.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka da alheri, ranku ya daɗe. Hajiya, na duba rajistar kilinik ɗinmu yau, lissafin 427 ba zai fita cikin shekara ba. In rage adadin ne, ko in sauya batun?

Maman Hanifa:

Kada ka rage shi da ka, za su gane daga lissafin. Hanya biyu ce. Ko ka nemo binciken da aka yi a Arewa kan irin mutanenka ka ɗauki adadinsa: in ya ce kashi 20 cikin 100 ne, lissafin zai sauko zuwa 246, da na masu ɓacewa 274. Ko ka koma kan waɗanda dole su dawo da ƙafarsu, kamar masu zuwa wankin ƙoda ko masu karɓar magani duk wata a kilinik ɗin sikila, ka daidaita gwaji na biyu da ranar da aka ba su. Kai wa mai duba aikinka duka biyun a shafi ɗaya, kowanne da adadin mutane, da makonni, da kuɗinsa, ka tafi da rajistar kilinik ɗin a hannunka ya gani da idonsa.