Waɗanda suka sa wa tsohuwar Beetle gajeriyar sandar giya, yaya kuka same ta?

Mai Beetle ta gado, Zariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Motar da nake hawa Volkswagen Beetle ce daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Legas bayan buɗe masana'antar a 1975, kuma mahaifina ne ya bar mini ita. Injinta lafiya lau yake, sai dai sandar giyar tana lilo har takan bugi gwiwar wanda ke zaune kusa da ni, kuma idan zan tashi daga lamba biyu zuwa uku sai na laluba kamar mai neman makulli a cikin duhu. An ba ni shawarar in sa mata gajeriyar sandar nan mai rage nisan jifa, wato tafiyar da hannu ke yi daga wata giya zuwa wata, don haka nake son jin yadda ta kasance ga waɗanda suka riga ni.

Tsohon bakanike, Kaduna: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka kashe ko sisi, ɗaga kujerar baya. A kan doron da ya ratsa tsakiyar motar akwai ɗan murfi, kuma a ƙarƙashinsa za ka ga mahaɗin da ya haɗa giyabos da wata doguwar sanda da ta taso ta cikin doron daga gindin sandar giya, domin giyabos ɗin Beetle a baya yake tare da injin. Robobin mahaɗin nan sukan ruɓe idan shekaru suka ja. Sannan a cikin doron, ɗan baya kaɗan da gindin sandar giya, akwai bushin, wato ɗan zoben roba wanda doguwar sandar ke ratsawa, kuma a yawancin motocin da suka zo hannuna da irin wannan kuka, gutsattsarinsa kawai nake tararwa. Canza shi ba tsada, wahala ce: sai an kwance mahaɗin, an buɗe murfin da ke can gaba tsakanin bututun ƙafafun gaba, an yi ta tura sandar da fulaya kaɗan-kaɗan ta ramin giya har ta fita daga bushin ɗin, a goge ta, a shafa mata giris, a mayar. Na taɓa sa wa wani gajeriyar sanda a kan mataccen bushin saboda ya matsa mini, bayan kwana uku ya dawo yana cewa yanzu ma lamba ɗaya ta ɓata masa gaba ɗaya.

Malamin makaranta, Katsina: Maganar Baba gaskiya ce, kuma ni sai bayan na gyara waɗannan biyun na sa tawa. Irin mai araha na saya, wato ɗan faranti mai kauri da ake sawa a ƙarƙashin gindin sandar, da zobe, da kusoshi biyu da suka fi na asali tsawo. Abin da yake yi shi ne ɗaga wurin da sandar ke juyawa, sai ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo, hannu ya yi gajeriyar tafiya amma giyar ta shiga. Masu ƙera irin waɗannan suna cewa jifar tana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, kuma a hannuna na ji haka. Sai dai abin da ba su faɗa da ƙarfi ba shi ne nauyin da ake biya, domin wanda ya ɗaga dutse da gajeren ƙarfe dole ya ƙara ƙarfin damtse. Da sanyin safiya a lokacin hunturu, kafin man giya ya saki, lamba biyu takan yi mini taurin da sai na ɗan jira ta.

Hajiya mai Beetle ruwan toka, Jos: Ni kam, ƙanena, na sa kuma na cire. Wanda ya ɗaura mini ya mayar da siririn farantin da ke tare ribas a karkace. Ka san a Beetle sai an danna sandar ƙasa, an kai ta hagu, an ja baya kafin ribas ta shiga, ga ta kuwa dab da lamba biyu. Ina gangarowa da lamba uku, na jawo zan koma biyu, sai na ji haƙoran giya sun yi wata ƙara da har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. An daidaita farantin daga baya, amma zuciyata ta riga ta fita daga abin, kuma wuyan hannuna bai ji daɗinsa a cunkoso ba.

Tsohon bakanike, Kaduna: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Shi ya sa ba na ɗaure kusoshin nan biyu tamau sai na gwada kowace giya motar tana tsaye, na tabbatar ribas ba ta shiga sai an danna. Kuma ɗana, kada saurin hannu ya ruɗe ka, zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora a cikin giyabos suna nan da tsufansu, kuma fizga ita ce ke cinye su.

Mai Beetle ta gado, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na ɗaga kujerar kamar yadda Baba ya ce, na tarar roba ɗaya ta mahaɗin ta zube, ɗayar kuma da na taɓa ta da yatsa sai ta marmashe. Na sa an nemo mini mahaɗi da bushin, kuma zan yi wata guda ina tuƙa ta da sandarta ta asali kafin in yanke shawara a kan gajeriyar.