Hugo da Chun-Li: Laifin Hannu ne ko na Jarumi?

Mai Hugo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya mun zauna da abokina a kan Street Fighter III: 3rd Strike, wasan faɗa na bidiyo na kamfanin Capcom, muka buga wasa 10. Ya ci 9 da Chun-Li, ni ina riƙe da Hugo. Abin ya hana ni barci, shi ne na zuba shi a baiti. Duk mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Bismillahi da shi zan fara,
Kukan da na ƙunsa zan rera,
Hugo nake ja tun muna yara,
In ya taka ƙasa sai ta yi ƙara,
Jiya ko na sha mugun kayarwa.

Jini gare shi cike da jiki,
In ya cafke ka ya gama aiki,
Juyin sandar wasa guda, ba raki,
Ya ɗaga ka sama kamar buhun taki,
Ya maka ka ƙasa ba tausayawa.

Amma Chun-Li tana can nesa,
Ƙafarta na zuwa ta ƙasa,
In na matso taku ta kwasa,
In na yi tsalle ta tarbe ni bisa,
Hannuna bai kai ga taɓawa.

To ku faɗa mini 'yan uwana,
Laifin Hugo ne ko hannuna?
In ƙarfi ne ga shi a gabana,
In naci ne ina ƙoƙarina,
Me ya sa kullum ni ke faɗuwa?

'Yar Chun-Li:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, shekara da shekaru ina riƙe da ita, na san abin da ke hannuna.

Ƙanena ka daina zargin yatsunka,
Tun wurin zaɓe ka fara faɗuwa.

Mutum 19 ne a allon zaɓe,
Kayan faɗansu bai zo daidai ga kowa.

Uku ne a sama, gwanaye sun yarda,
Chun-Li da Yun da Ken, babu musawa.

Shurin da ka ce yana zuwa ta ƙasa,
Matsakaici ne, a tsugune nake sakawa.

In ka tare shi ban yi asara ba,
In ya shige idona na ganewa.

Sai in ɗora sufa, babban dukana Houyoku-sen, a kansa,
Ruwan ƙafa ya sauko ba tsayawa.

Sufar nan har 2 nake ajiyewa a ƙasa,
In na kashe ɗaya, ɗaya na jiran fitowa.

Kai sai ka manne da ni kake da aiki,
Ni ko daga nesa nake gamawa.

Tafiyarka nauyi, jikinka faɗi,
Duk inda na jefa ƙafa tana samuwa.

Ba raini ba ne, tausayinka nake ji,
Ka zaɓi hawan dutse, ni ina gangarowa.

Tsohon Hannu:

Sannunku yara. Wasan nan tun fitowarsa a 1999 nake buga shi da Ken, kuma ba zan iya jin an ce allon zaɓe ya gama magana in yi shiru ba.

Ɗiyata kin faɗi gaskiya,
Amma kin bar rabi a baya,
Akwai makamin da ya zo ɗaya,
Capcom ta ba da shi ga kowa.

Ka tura sanda gaba daidai,
Lokacin da duka ya zo kai,
Ka kaɗe shi ya wuce sarai,
Ko ɗigon jini ba ya raguwa.

A gasar Evo ta 2004, Amurka,
Justin Wong da Chun-Li na ta duka,
Ken na Daigo ya kai gaɓar halaka,
Jininsa zare ne mai tsinkewa.

Da ya tare da ya faɗi nan take,
Don sufa ko an tare tana ɗan yanke,
Justin ya sako ta hankali a sake,
Shuri 15 ba numfasawa.

Ɗaya bayan ɗaya yana kaɗe su,
Jama'a sun miƙe, ihu ya ci su,
Na ƙarshe a iska ya gama da su,
Ya sauko da jerin duka mai kashewa.

Na kalli hoton nan ba adadi,
Har yau ina jin sa da daɗi,
Hugo ma duk girma da faɗi,
An ba shi irin wannan kaɗewa.

Ɗan Yun:

Kawu, a gafarce ni zan sa baki,
Labarin nan ba ya tsufa, ba ya gushewa.

Amma Ken ɗin da Daigo ya riƙe ranar,
Cikin ukun sama yake, ba ya ɓoyuwa.

Giwa ce ta kara da giwa a filin,
Ba zomo ne ya kada giwa ba kuwa.

Sannan wa ya tafi gida da kofin?
Gwani KO ne da Yun, bayan an gama tafawa.

In Yun ya kunna sufarsa Genei Jin ka sani,
Duka na bin duka, ba wurin kutsawa.

Ma'ajin sufarsa ɗan gajere ne,
Kafin ka farfaɗo ya sake cikowa.

Kaɗewar da kuke yabo Chun-Li na da ita,
Abin da kowa ya samu ba shi ke rabawa.

Tsohon Hannu:

Na karɓa ɗana, ba ka faɗi ƙarya ba, Daigo na biyu ya zo a gasar. Amma bari mu koma kan mai tambaya. Masu wasan nan suna auna kowace karawa da lamba: in gwanaye biyu masu hannu ɗaya suka buga 10, to 5 da 5 daidai ke nan, 6 da 4 rinjaye, 7 da 3 wahala. Da wannan ma'aunin zan yi masa magana.

Mu ƙaddara karon ya yi tsanani,
7 da 3 ne a ma'auni,
To 3 naka ne, ɗana ka ji ni,
1 ka samu, 2 ka yi zubarwa.

Biyun nan ba Capcom ta ci ba,
Jadawalin ƙarfi bai ɗauke su ba,
Tsalle ne da ba ka auna ba,
Da gaggawar son kamawa.

Hugo haƙuri ne yake so,
Taku ɗaya, ka tare, ka matso,
Ka bada jini kaɗan don ka iso,
In ta shiga lungu babu tserewa.

A can ne take fara tsoro,
In ta tsaya ka cafke ta a karo,
In ta yi tsalle ka tarbe ta da ƙoro,
Zato biyu daidai, turmi na ƙarewa.

Mai Q:

Ni da nake can ƙasan jadawalin ma ina da ta cewa. Yaya Mai Hugo, kai a sama kake in an kwatanta da mu.

Q nake ja, mai fuskar ƙarfe,
Tafiyarsa shi ma akwai nawa.

Sau 3 nake yin tsokana a fili,
Kowace ɗaya fatarsa na ƙara kauri kuwa.

Kuroda na Japan ya ɗauke shi,
Ya sa manyan gwanaye sunkuyawa.

Sean ma a 2nd Impact, wasan baya, zaki ne,
3rd Strike ta zo ta yi masa rage-ragewa.

Ka ga ƙarfin nan hannun kamfani ne,
Shi ke ƙarawa, shi ke ɗebewa.

Hugonka kuwa a Evo ta 2024,
Las Vegas ta ga abin mamakin kowa.

Hayao ya kai shi cikin 6 na ƙarshe,
Yana kaɗe duka, yana rungumewa.

Shekara 25 da fitowar wasan,
Ƙaton na kan dandali ana tafawa.

'Yar Chun-Li:

Na ga Hayao, na miƙe tsaye,
Wallahi ranar har da hawaye,
Ya sa ni jin ƙaton nan a zuciye,
Ban da abin cewa sai jinjinawa.

Amma ƙanena ka tuna da kofi,
MOV ya ɗauka, shi ne ya fi,
Gwanin Chun-Li, mai shuri da kaifi,
Ukun saman nan ba su sauyawa.

Kuroda da Hayao sun sha wuya,
Sun biya ninki, sun yi juriya,
Abin da nake samu a taku ɗaya,
Su sai sun yi 3 suke cimmawa.

Mai Hugo:

Na gode Kawu, na gode Yaya, na gode duka. Na koma na tuna wasannin jiya ɗaya bayan ɗaya, kuma tsallen da Kawu ya faɗa gaskiya ne: duk lokacin da jinina ya kai rabi sai in rasa haƙuri in tashi sama.

Yaya na yarda kin fi ni makami,
Hanyata hawa ce, akwai rami,
Kawu ka ba ni babban ilimi,
Tsallen nan ne ya zame mini ƙaimi,
Yana kai ni inda take jiran harbawa.

Ba zan sake shi ba, ku ji ni,
Ranar da sufar Gigas Breaker ta kama wani,
Juyi 2 na sanda cikin ƙanƙani,
Jini ya zube kamar an fasa tulun rani,
Daɗin nan ba ni da wurin samowa.

Yau zan shiga ɗakin atisaye,
In sa Chun-Li shurin ƙasa a jere,
In tura sanda ƙasa, in tsaya a shirye,
Har yatsana ya san shi a ɓoye,
Kafin ido ya kai ga ganowa.

Yaya in kina da lokaci gobe,
Mu buga 10, kowa da nasa zaɓe,
Sannan mu sauya, ba a keɓe,
Ki ɗau Hugo, ni Chun-Li in gwada taɓe,
Kawu ya zauna yana ƙirgawa.

'Yar Chun-Li:

Na amsa ƙanena, gobe da dare,
Ka zo da haƙurin da Kawu ke faɗawa.

Shurin ƙasa ba kullum zan saka ba,
In ka tura ƙasa, jifa nake shiryawa.

Tsohon Hannu:

Ina nan da takarda da biro. Ku fara da Hugo a hannun mai shi, 10 ɗin farko nake son gani.