Mai koyon tuƙi a hanyar Jega zuwa Aliero: laifina ne ko na direban haya?

Ɗan Gesse ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya, domin wani abu ya same ni ranar Asabar da ta wuce wanda har yanzu bai bar raina ba. Wata biyu ke nan da na fara koyon tuƙi a Birnin Kebbi. Ina da takardar izinin koyo, kuma na manna alamar L gaba da bayan motar, wadda tsohuwar Corolla ce mai giyar hannu. A cikin gari hannuna ya fara faɗawa, don haka da aka gayyace mu ɗaurin aure a Aliero sai yayana, wanda ya daɗe da lasisinsa, ya ce in karɓi sitiyari shi ya zauna a gefena.

Daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo har Jega ban bari maleji ya haura 50 ba, saboda a ganina wanda bai ƙware ba gara ya tafi a hankali. Motoci suna ta wuce ni, wasu da hon, wasu da harara, ban tanka wa kowa ba. Bayan mun fita Jega sai muka cimma wata tirela da ke jan ciki, na daɗe ina bin bayanta, har wata motar haya ta zo ta manne mini, direban yana danna hon yana haska mini fitila babu ƙaƙƙautawa. Kunya da tsoro suka haɗu mini. Na leƙa na ga kamar hanya a buɗe take, na yi aron hannu ina cikin giya ta biyar, na taka totur, amma motar ta ƙi ja. Ban kai rabin tirelar ba sai ga wata mota ta ɓullo daga gaba. Yayana ya ce in koma, na taka birki da ƙarfi na koma hannuna, ashe direban hayar ya biyo ni a baya shi ma zai wuce, saura kaɗan ya daki bayan motata, har sai da ya sauka gefen kwalta.

Da hanya ta buɗe ya sha gabanmu ya gitta motarsa, ya fito yana cewa, "Wa yab ba ka mota? In ba ka iya ba ka koma ma jaki!" Yayana ya fita ya mayar masa da magana, fasinjoji suka firfito, kuma ba don wani dattijo da ke cikinsu ya shiga tsakani ba da an kai ga dambe. Tambayata ita ce, wane ne mai laifi a cikinmu? Wane gudu ya kamata mai koyo ya riƙa yi a irin wannan hanya? Sannan wani abokina ya ce in cire alamar L domin ita ce ke jawo mini raini, shin shawararsa abar ɗauka ce?

Malamin Tuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara tsarewa. Aikina ke nan koyar da tuƙi, kuma abin da ya same ka shi ne abin da na fi jin tsoro ga ɗalibaina, domin yawancinsu suna barin hannunmu sun san birki sarai amma ba su san totur ba, suna ɗaukar cewa duk wanda ya rage gudu ya tsira.

Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, da 100 a kan tagwayen hanyoyin da ake kira ekspures. Tirela da tanka kuwa iyakarsu 50 ce a babbar hanya. Waɗannan lambobi iyaka ce ta sama, babu wanda ya wajabta maka ka kai su, amma mutumin da ke tafiya 50 a inda sauran ƙananan motoci ke yin 80 yana tilasta wa duk wanda ya cimmasa yin aron hannu, kuma a hanyar da ba a raba ta biyu ba babu lokacin da ya fi na aron hannu haɗari. Ke nan tun kafin ka gamu da tirelar ka riga ka tara wa kanka mutane masu jin haushinka.

Kuskurenka na gaskiya kuwa yana cikin giya. Giya ta biyar ta riƙe gudu ce idan mota ta riga ta miƙe, ba ta da ƙarfin ja daga 50, shi ya sa ka taka totur har ƙasa injin ya yi maka shiru. Abin da ya kamata shi ne ka ja baya kaɗan daga tirelar domin ka ga gaba sosai, ka duba madubi, ka kunna sigina, ka sauko giya ta uku, sannan ka ba ta wuta tun kana hannunka, yadda kafin ka fita motar ta riga ta ɗauki ƙarfi. Bari in yi maka lissafi, don ina ganin shi ya fi wa'azi shiga kai. Idan aka haɗa tsawon tirela da na motarka da tazarar da za ka bari gaba da baya, kana bukatar ka rinjaye ta da kimanin mita 60. Idan tana yin 50 kai kana yin 60, za ka shafe wajen daƙiƙa 22 a hannun da ba naka ba, ka ci mita 360, mai tahowa daga gaba da gudun 80 kuma ya ci kusan mita 490 a wannan lokaci, wato sai ka ga hanya fayau ta fiye da mita 800 kafin ka fita. Idan kuwa ka wuce ta da gudun 80, wanda bai saɓa doka ba, daƙiƙa 7 sun ishe ka, kuma mita 320 zuwa 350 na buɗaɗɗiyar hanya sun wadatar. A nan mai sanyin ƙafa shi ne ya fi jefa kansa cikin haɗari.

Kada wani ya fahimci maganata a matsayin izinin ƙure maleji. Mota mai gudun 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, kuma idan gudu ya ninka sau biyu nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninkawa sau huɗu. Shi ya sa direban hayar ma yana da nasa babban laifi. Ya manne maka a baya ba tare da barin tazarar ko da daƙiƙa biyu ba, sannan ya bi ka aron hannu alhali motarka ta tare masa gani, wanda babu makarantar tuƙin da za ta amince da shi. Komawar da ka yi daidai ce, fitar ce ba ta dace ba, tunda ba idonka ne ya yanke shawarar ba, hon ɗin wani ne ya yanke maka. Yayanka ma, Allah ya ba shi haƙuri, da ya hana ka fita tun farko da duk wannan bai faru ba.

Alamar L kuma kada ka taɓa ta. Doka ce ta ɗora wa mai koyo ita, tare da zaman mai lasisi a gefensa, kuma ranar da tsautsayi ya gitta aka tarar ka cire ta, ko kai ne mai gaskiya ka raunana hujjarka a gaban jami'ai.

Tsohon Direba ya amsa:

Ɗana, na karanta bayaninka da na malam, kuma ban ga abin cirewa a lissafinsa ba, sai dai ina so ka ji ta bakin ɓangaren da ake zagi. Na fara da yaron mota tun kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, na yi shekaru ina jigila tsakanin Jega, Koko, Yauri da Kontagora, kuma zamaninmu sai yaro ya shekara yana wanke mota yana ɗaure kaya yana kallon ƙafar maigidansa kafin a bar shi ya matsar da ita ko a cikin tasha.

Direban haya ba don jin daɗi yake gudu ba. Akwai kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma, akwai na mai, akwai na tasha, akwai layin lodi da yake so ya riska, ga fasinjoji a bayansa suna cewa ya yi sauri kada dare ya yi musu a hanya, kuma kowa ya san dalilin da ya sa mutanen yankin nan ba sa son tafiyar dare a 'yan shekarun nan. Irin wannan mutum idan ya tarar da ƙaramar mota ta lafe a bayan tirela, ba ta wuce ba kuma ba ta bar masa gurbin shiga ba, dole ransa ya ɓaci, domin yanzu sai ya wuce motoci biyu a numfashi ɗaya. Da ka ja baya ka bar fili tsakaninka da tirelar, ka ɗan raɓa dama, da ya wuce ka ya shiga gabanka, kowa ya kama gabansa. Haka muke yi wa junanmu. Musamman a wannan hanya ta Aliero lokacin kakar albasa, inda manyan motoci ke tafiya da lodi har sama, wanda bai shirya wucewa ba ya kamata ya ba masu wucewa wuri.

Ban goyi bayan gitta mota a tsakiyar hanya ba, wannan wauta ce, kuma da a tasharmu ne aka kai ƙararsa da shugabannin ƙungiya sun ja masa kunne. Amma ni a ganina wata biyu ya yi kaɗan a ɗora mutum a wannan hanya ranar Asabar ta bukukuwa. Kalmar "yi haƙuri" da ɗaga hannu ta gilashi sun kashe mini rigingimu fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ko a ranar da ni ne mai gaskiya.

Malama daga Argungu ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da batun barin gurbi, kuma ni kaina yau na ƙaru da shi. Inda ban bi ka ba shi ne uzurin da ka nema wa direban, domin kuɗin mai mota da layin lodi ba su ba kowa ikon tura wanda ke gabansa cikin halaka ba, kuma irin wannan gaggawar ce ta sa tun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Mai alamar L ya riga ya sanar da duniya cewa hannunsa bai nuna ba, wanda ya ga alamar ya ƙara matsa masa kuwa da gangan ya yi.

Na koyi tuƙi ina da 'ya'ya uku, kuma mace mai alamar L a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi tana shan abin da ya fi naka, Ɗan Gesse, daga 'yan kabu-kabu har masu manyan motoci. Abin da ya fisshe ni shi ne na daina ɗaukar hon a matsayin umarni. Idan na ji shi nakan duba madubi in ga ko akwai abin da nake yi ba daidai ba, in gyara idan akwai, idan babu kuma in riƙe hannuna in bar mai gaggawa ya nemi hanyarsa. Game da rigima, ina ganin fitar da yayanka ya yi ita ce ta kusa ɓata al'amarin. Tunda motoci ba su taɓa juna ba babu abin tattaunawa a tsakiyar daji, sai a kulle ƙofofi, a ba da haƙuri ta gilashi, a wuce zuwa gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa. Idan kuwa an yi gogayya, a ɗauki hoton motocin da lambobinsu kafin a matsar da su, a sa alamar gargaɗi a baya don kada wata motar ta afka muku, kuma idan akwai rauni a kira 122, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra. Ba da haƙuri daban, amsa laifin da ba naka ba a gaban taron fasinjoji daban, saboda da wannan amsawar za a ɗora maka kuɗin gyaran da ba kai ka jawo ba.

Ɗan Gesse ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa yayana amsoshin, ya amsa nasa kason, ko da yake ya ce shi ma Baba bai ji irin zagin da aka yi mana ba ne. Alamar L tana nan. Malam, saura abu ɗaya: a ina zan koyi saukowa giya ta uku da gudu ba tare da na sake gwadawa a gefen tirela ba?

Malamin Tuƙi ya amsa:

Ku fita da sassafe bayan gari ya waye, a ranar da ba ta kasuwa ba, ku sami miƙaƙƙen wuri marar kwana da ramuka inda kake ganin nesa gaba da baya. Ka daidaita motar a 50 cikin giya ta biyar, ka taka totur, yayanka ya ƙirga daƙiƙoƙin da za ta ɗauka kafin ta kai 80. Ka sake komawa 50, ka sauko ta uku, ya sake ƙirgawa. Ka maimaita har sai hannunka ya daina neman giyar da ido, kuma kada ƙarar injin ta firgita ka, haka take yi idan yana aiki. Bayan nan ka fara da wuce keken shanu da babur mai kaya, tirela ta jira sai wata mai zuwa.