Katun ɗin yara ne ko zagin shugabanni?

Baban Yara: Jama'a ku taya ni gani. Ana kallon The Simpsons a gida, ga Homer na cacar baki da matarsa Marge kan kuɗin cefane, kafin ka ankara an sako magajin gari Quimby yana karɓar na goro, ga attajiri Burns mai tashar nukiliya yana tatsar ma'aikata. Wannan ai cusa wa yara siyasa ne a fakaice!

Ɗan Boko: Yara kuma? Alhaji, wa ya ce maka na yara ne? Tun 1989 tashar Fox ke haska shi da dare, don manya aka yi shi.

Maman Biyu: Malam, duk abin da aka zana yana tsalle-tsalle a talabijin na yara ne. Bart ɗin ma, ɗan Homer, shekararsa 10.

Ɗan Boko: Shekara 10 tun 1989? Ashe yayanki ne, Hajiya.

Maman Biyu: Ka iya bakinka. Ba da kai nake ba.

Sarkin Gardama: Ku saurara. A 1992 shugaban Amurka, Bush babba, ya fito fili ya ce ba ya son iyalan ƙasarsa su yi kama da gidan Simpson. Su kuwa masu katun ɗin a 1996 suka mai da shi maƙwabcin Homer, har ya zane Bart. Shugaban ƙasa zai tsaya sa-in-sa da abin yara?

Maman Biyu: Ai ya yi daidai da ya zane shi. Yaro mara kunya.

Mai Shayi: Ni abin da ya ɗaure min kai, tun 2000 suka nuna Trump ya yi shugabanci. Mutanen nan duba suke yi.

Ɗan Boko: Duban me? A lokacin ma yana ta maganar takara.

Autan Group: Katun ɗin Family Guy ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sarkin Gardama: Kwaikwayo fa? Shi da ya zo a 1999? Ƙanina, je ka kwanta.

Baban Yara: Ni fa maganar siyasa na kawo.

Admin: To, an tattauna. Kowa ya yarda ba na yara ba ne, in ban da Hajiya da ta kafe. Family Guy kuma kwafi ne, wannan ba sai an faɗa ba. Na rufe.