Na daina shan Ritalin farat ɗaya, yau kwana 9, jikina ya ƙi komawa daidai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman likitoci da masu harhaɗa magunguna da ke nan.

Shekara biyu ke nan likita ya ɗora ni a kan Ritalin saboda matsalar rashin tattara hankali, wato ADHD. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 da safe, ɗaya bayan azahar. Lokacin jarrabawa na riƙa ƙarawa da kaina har na kai huɗu a rana, ban gaya wa kowa ba. Laifina ne, na sani. Da zuciyata ta fara bugawa da ƙarfi cikin dare, ga rama, sai tsoro ya kama ni, na watsar da shi gaba ɗaya.

To, tun ranar barci ya zama sana'ata. Sai in yi awa 12 in tashi kamar an yi mini dukan tsiya. Asuba uku ta wuce ni a jere. Ga ci kamar gara: jiya na cinye tuwo malmala uku, Hajiyarmu ta tsaya tana kallona kawai. Abin da ya fi damuna shi ne ƙuncin rai, ko waya aka kira ni ba na son ɗagawa.

Layin ganin likitan nawa sai nan da mako uku. Shin in daure a haka, ko kuwa kuskure ne yankewa lokaci guda, ya kamata a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan? Sauran ƙwayoyi 14 suna cikin durowa, kullum sai na buɗe na dube su. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, kwana nawa ya ɗauka kafin ƙuncin ya sake shi?