Ganyen tumatir sai ƙullutu yake yi, ya ƙi toho

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Aikin digiri na biyu ne, lokaci ya ƙure, malamin da ke duba ni kuma ya yi tafiya. Irin tumatir na UC82B nake tsirarwa a kwalba, in yanki ganye biyun farko in ɗora a kan abincin renon tsiro na MS mai sukari giram 30 da aga (mai daskarar da abincin) giram 8 a lita, ma'aunin tsami pH 5.8, don su fitar da toho. Na sa hormon ɗin girman tsiro guda biyu, BAP da 2,4-D. An fi wata guda, bakin yankan sai ƙullutu (tsiro marar siffa, wato callus), toho ko ɗaya babu, wasu ma sun yi baƙi.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam. 2,4-D ne ya ɓata miki aiki, ƙullutu kawai ya iya. Ki cire shi, ki sa wasu hormon ɗin, zeatin miligiram 2 da IAA 0.1 a lita. Ki tace su da matatar mikron 0.22, ki zuba bayan abincin ya huce zuwa digiri 50. Tsiron kuma ya zama ɗan kwana 7 zuwa 10, kafin ganyen gaske ya leƙo. In ya wuce haka ya tsufa.

Abu Khalil: Dakta, ɗaliba ina ta ga kuɗin zeatin? BAP miligiram 2 da IAA 0.2 na fitar da toho. Baƙin nan kuwa wuƙa mai zafi ce, ko rashin sauya abinci duk mako biyu zuwa uku. Hajiya, nawa kika sa na kowanne?

Maman Sadiq: Ku bar ta hormon. Ɗakin da ke son haske awa 16 da digiri 25, wuta ba ta awa huɗu, janareta ba mai. Wane toho?

Ummu Hanifa: Na gode. Amma 2,4-D yana cikin tsarin da aka amince min, ba ni da ikon taɓa shi. Wuƙa kuma ina barin ta ta huce.

Dakta Sani: To tsarin ne da gyara. Ƙullutun da ya yi kore mai tauri ki mayar kan zeatin, mai ruwan ƙasa ki zubar.

Abu Khalil: Har yanzu ba ki faɗi adadin ba.

Ummu Hanifa: Bari Malam ya dawo tukuna.