Ruwan rijiyarmu ya gurɓace da damina

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama ruwan rijiyar gidanmu ya sauya launi, yara biyu kuma sun kamu da gudawa. Shin kusancinta da masai ne sanadi?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam, Malam. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar barin tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, domin idan ƙasa ta jiƙe ƙazanta takan tsatsafo ta ƙarƙashi. A ɗaga bakin rijiyar da siminti, a yi mata murfi.

Amsa ta 2: Allah ya ba yaran lafiya. A tafasa ruwa lita 1, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba su. Idan amai ya haɗu da gudawar, a garzaya asibiti.

Amsa ta 3: Ni guga na fi zargi, don namu a cikin taɓo yake kwana.